Ɗora Babbar Manhaja a Kan Kwamfutar Haɗi

Ba kowace kwamfuta ce ke fitowa daga masana'anta a shirye cikin kwalinta ba. A shagunan buga takardu da makarantu da ƙananan ofisoshi na garuruwan ƙasar nan, akan tarar da kwamfutoci waɗanda mai gyara ne ya harhaɗa su da hannunsa. Akwati daga wannan shago, babban allo daga wancan, firosesa kuwa wataƙila an ciro ta ne daga wata tsohuwar na'ura ta gwanjo da aka kawo daga Turai ko Amurka, ta biyo ta kasuwar Ikeja a Legas. Irin wannan ita ake kira kwamfutar haɗi. Tana da sauƙin kuɗi, kuma in wani sashe ya lalace ana iya musanya shi shi kaɗai. Amma tana da wani rauni wanda ba a cika lura da shi ba sai ran da ta ƙi tashi, watau babu kamfanin da ya tsaya mata. Kwamfuta mai tambarin HP ko Dell ko Zinox, kamfanin ya riga ya gwada manhajar da ya ɗora mata, ya tabbatar sassanta suna jituwa. Ta haɗi kuwa, wannan aiki yana wuyan mai ita ne da mai gyaransa.

Al'amarin ya ƙara nauyi tun ran 14 ga Oktoba, 2025, sa'ad da kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro ga Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 da ta gaje ta ta zo da sharuɗɗan da kwamfutocin haɗi da na gwanjo masu yawa ba su cika ba. Shugaban makarantar da ke da kwamfuta ashirin a ɗakin koyarwa, da mai shagon da abincin iyalinsa ke fitowa daga guda ɗaya tak, duk tambayarsu ɗaya ce: a yar da na'urar, ko a tilasta mata sabuwar Windows, ko kuwa a nema mata wata manhaja dabam?

Babbar manhaja da faɗin layin dogo

Babbar manhaja ita ce manhajar da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, ita ce kuma ke riƙe da ragamar sauran duka. Ita ke raba wa kowace ƙaramar manhaja lokacinta a wajen firosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar, ita ke shirya fayiloli a faifan ajiya, ita ke kai saƙo daga allon rubutu zuwa allon kallo da firinta. Windows da Linux da macOS su ne sanannu a kwamfutoci, Android kuwa a wayoyin hannu.

Mutumin Kafanchan ba zai sha wuyar gane matsalar ba, domin garinsu garin jirgin ƙasa ne. Tun 1927 nan ne mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Faɗin wannan tsohon layi milimita 1,067 ne. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa faɗinsa milimita 1,435 ne. Tarago komai kyansa, in an ƙera shi domin sabon layi, ba zai hau tsohon ba. To, haka manhaja take da firosesa. Akwai dangin firosesa irin na Intel da AMD, akwai dangin ARM, kowane da irin umarnin da yake ganewa, kuma manhajar da aka shirya domin wani dangi ba ta tashi a kan wani.

Ko da dangin ya dace, da sauran aiki. Kowane sashe na kwamfuta, kamar katin hoto da katin sauti da katin intanet, yana bukatar wata 'yar ƙaramar manhaja mai yi masa tafinta da babbar manhaja. Ita ce masu gyara ke kira direba. In babu direba, sashen yana nan lafiya lau amma kurma ne, ba ya ji ba ya amsawa. Saboda haka in aka ce na'ura ba ta da goyon baya, ana nufin ɗayan abu uku ne: ko manhajar ba ta jin harshen firosesar sam, ko babu direban wani sashe, ko kuwa kamfanin manhajar ne ya gindaya sharaɗi ya ce bai ɗauki alhakin irin wannan na'ura ba. Na farko ba shi da magani, na biyu sau da yawa yana da shi, na uku kuwa yana bukatar a yi shawara da hankali.

Abin da aka koya a Bayan Loko

A unguwar Bayan Loko ta Kafanchan, wadda ta samo sunanta daga rumfar gyaran kawunan jirage, nan ne mazaunin Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996. Ta fara ne da ba matan karkara ƙananan rance, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta. A 2001 cibiyarta ta koyarwa, ƙarƙashin jagorancin Uwargida Kazanka Comfort, ta ci lambar yabo ta Hafkin da ake bayarwa domin aikin sadarwa a Afirka. Kwamfutocin da aka fara aiki da su na gwanjo ne waɗanda aka yi wa kwaskwarima a ƙasashen waje. Ba a daɗe ba aka ga cewa na'urar da aka ƙera domin ofis mai sanyi da wuta mai ɗorewa tana da abokan gaba uku a wannan yanki: zafi, da ƙura, da wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa. Fanka tana zuƙo ƙurar hunturu ta cusa cikin akwati, faifan ajiya mai juyawa yana lalacewa in wuta ta ɗauke yana cikin rubutu.

A farkon shekarun 2000 gidauniyar, wadda Dokta John Dada ke cikin shugabanninta, ta haɗa kai da wani kamfani na Ingila mai suna ExpLAN a kan wata kwamfuta da aka raɗa wa suna Solo. An tsara ta ba fanka, ba faifai mai juyawa, ba wani abu mai motsi a cikinta. Wutar da take ci ba ta wuce wat 8.5 ba, alhali kwamfutar tebur ta wancan zamani da allonta mai ƙaton ƙeya kan ci ninkin wannan sau goma ko fiye. Don haka farantin hasken rana da batir sun ishe ta. Sirrin wannan ƙarancin cin wuta shi ne firosesar ARM. Sai dai Windows XP, wadda ita ce a kan kusan kowane tebur a lokacin, ba ta tashi a kan ARM. Dole aka duba wajen manhajojin da ke jin harshen wannan firosesa, irin su Linux.

Solo ba ta cika kasuwanni ba, amma tunanin da ke bayanta ya tabbata. Wayoyin hannu na yau kusan duka ARM ce a cikinsu, 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi da ta fito a 2012 ita ma haka, faifan SSD marar juyawa kuma ya zama ruwan dare. Tsarin da aka bi shi ne abin lura: an fara duba wurin da na'ura za ta zauna, sa'an nan aka zaɓi sassa, daga ƙarshe aka nemo manhajar da ta dace da sassan. Yawancin asarar da masu kwamfutar haɗi ke yi daga juya wannan tsari take fitowa, a ƙwallafa rai a kan wata manhaja tukuna, a ce lalle sai ta hau.

A fara sanin abin da ke cikin akwati

Tambarin da aka manna a jikin akwati ba shaida ba ne, domin akwati dabam, abin da ke ciki dabam. Kafin a ɗora komai, wajibi ne a rubuta a takarda sunan babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, da lambar firosesa, da yawan ram, watau ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, da girman faifan ajiya, da irin katin hoto da na intanet. In kwamfutar tana tashi, wata manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z tana nuna yawancin waɗannan a Windows. A Linux kuwa umarnin lspci ke jero wasu daga cikinsu, kamar katin hoto da na intanet. Sashen da Windows ta kasa ganewa yana da lambar shaida wadda ke tona asirin maƙerinsa: 8086 Intel ce, 10EC Realtek, 10DE Nvidia, 1002 AMD, 14E4 Broadcom. Da wannan lamba ake nemo direban da ya dace ba tare da lalube ba.

Lambar firosesa tana bukatar a karanta ta da kyau, domin nan ake yawan yi wa masu saye rufa-ido. Jin an ce Core i7 ba ya nufin sabuwa ce. Lambar da ke biye ita ke faɗin zuriya. Misali i7-3770 zuriya ta uku ce, ta 2012, i5-8400 kuwa zuriya ta takwas ce, ta 2017. A wajen Windows 11, ta biyun ta samu shiga, ta farkon ba ta samu ba, ko da yake sunanta ya fi girma a kunne.

Bayan haka sai gwajin lafiyar sassa. Manhajar Memtest86+ tana tashi daga filash ta bincika ram, kuma kyautuwa ya yi a bar ta ta yi zagaye cikakke ko da zai ɗauki sa'o'i. Kuskure ko guda ɗaya ya isa a musanya ram ɗin. Faifan ajiya shi ma yana riƙe da tarihin lafiyarsa, wanda manhaja irin CrystalDiskInfo ke karantawa, har da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki. Sau da yawa akan ɗora wa Windows laifin tsayawa da nuna shuɗin allo, a sake ɗora ta sau uku, alhali ram ce ta lalace.

Akwai wani ɗan jan maɓalli a bayan akwatin wuta na wasu tsofaffin kwamfutoci, mai lamba 115 a gefe guda da 230 a ɗayan. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa kusan rabin haka. Kayan gwanjo da aka kawo daga can kan zo maɓallin yana kan 115, in aka jona haka nan take akwatin wutar zai ƙone, wani lokaci har ya tafi da babban allo. A lokacin hunturu kuma, sa'ad da riga ke yin tsat-tsat in ana tuɓe ta, jikin mutum yana tara wata wuta wadda ke iya kashe ram ko firosesa. Mai gyara ya riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin ya kai hannu ga sassa.

Windows 11 da sharuɗɗanta

Windows 11 ta fito ran 5 ga Oktoba, 2021. Tana neman ram gigabait 4, da faifai mai gigabait 64, da babban allo mai sabon tsarin tashi da ake kira UEFI wanda zai iya Secure Boot, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. A wajen firosesa, in ban da 'yan kaɗan, sai Intel zuriya ta takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000.

Abin da ya kamata kowane mai kwamfutar haɗi ya sani shi ne, na'urori da dama da aka ce ba su cancanta ba, a gaskiya sun cancanta. TPM ɗin yana nan cikin firosesa, a kashe kawai aka bar shi. In aka kunna kwamfuta aka danna Del ko F2 tun kafin manhaja ta tashi, za a shiga shafin saitin babban allo, wanda har yau ake ce wa BIOS. A allon Intel sunan abin PTT, a na AMD kuwa fTPM. Kunna shi aikin minti biyu ne, kuma ya isa ya hana mutum sayen sabuwar kwamfuta a banza.

Inda firosesar ce ta tsufa, akwai hanyar ratse. Manhajar Rufus, wadda ake shirya filash ɗin ɗorawa da ita, tana iya cire binciken sharuɗɗan, Windows 11 ta hau, ta kuma yi aiki. Amma a san abin da aka saya. Microsoft ya bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da haƙƙin samun gyare-gyare, in ta samu yau babu alkawarin gobe. Sabon fitowa na shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake bi ta ratsen. Kuma ratse yana da iyaka: fitowar 2024 mai lamba 24H2 tana bukatar wani umarni mai suna SSE4.2 a cikin firosesa, don haka a kan Core 2 Duo ba ta tashi ko da wace dabara. Wannan shi ne batun faɗin layin dogo. Ɗalibin da ke koyon gyara yana iya gwada ratse a na'urar da ba ta riƙe da komai, zai ma ƙaru da ilmi. Amma kwamfutar da ke riƙe da sakamakon jarrabawar yara, ko bayanan marasa lafiya, ko lissafin ƙungiyar manoman citta ta Kwoi ko Kachia, ba wurin gwaji ba ne.

Sai batun lasisi. Tun daga Windows 8 ta 2012, kwamfutar kamfani tana zuwa da lambar lasisinta a binne cikin babban allo. Allon da aka saya shi kaɗai ba ya zuwa da ita, sai an saya dabam. Kwafin Windows da aka fasa, wanda ake yawo da shi a filash ana cewa an rage masa nauyi, yana da aibi biyu. Na ɗaya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Na biyu, wanda ya fasa manhaja ya cire abin da ya ga dama, yana iya kuma sa abin da ya ga dama, har da mai satar kalmar sirri ta banki. Araha ba ta ado.

Linux

Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara Linux a 1991, kuma lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya raba, ya gyara. Filash guda ya isa a ɗora wa kwamfuta ɗari ba tare da an karya doka ba. Tana zuwa iri-iri. Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004, tana fitar da mai dogon zango duk shekara biyu, a kula da ita shekara biyar kyauta. Ta Afrilun 2024 za ta kai 2029. Linux Mint a kanta aka gina ta, fuskarta kuma ta yi kama da ta Windows, tana iya tashi da ram gigabait 2, ko da yake 4 ta fi daɗin aiki. Ga na'urar da ta tsufa sosai akwai Lubuntu da Mint mai fuskar Xfce, waɗanda ba su da nauyi.

Babbar fa'idar Linux ga mai kwamfutar haɗi ita ce ana iya ɗanɗana ta kafin a ɗora. Tana tashi daga filash ta yi aiki sosai ba tare da ta taɓa faifan ajiya ba. A wannan zama sai a gwada sauti, da intanet, da firinta, da hasken allo, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yi aiki a gwaji zai yi bayan ɗorawa. Yawancin direbobi suna cikinta tun asali, kuma tsofaffin sassa su ta fi sani. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne katin Wi-Fi na Broadcom da katin hoto na Nvidia da wasu firintoci. In Wi-Fi ya ƙi, sai a jona wayar Android da igiyar USB a ara intanet ɗinta, a sauko da direban daga sashen ƙarin direbobi.

Amma Linux ba maganin kowace cuta ba ce. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, ta kuma ishi makaranta da ofis, sai dai takarda mai ado da yawa kan ɗan goce. CorelDRAW da Photoshop ba a yi su domin Linux ba, mai shagon da ke rayuwa a kan katin biki da kalanda kuwa ba ya rabuwa da su. Haka nan cibiyar da ke yi wa wata hukuma rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko mai neman izinin gudanar da jarrabawa ta kwamfuta irin wadda JAMB ta koma gaba ɗaya a 2015, lalle ta tambayi hukumar abin da ta amince da shi kafin ta sauya manhaja.

Game da macOS maganar gajeriya ce. Akwai masu sha'awa a duniya da ke ɗora ta a kwamfutar haɗi da taimakon wata manhaja mai suna OpenCore, abin da ya yiwu saboda Apple ya koma firosesar Intel a 2006. Lasisin Apple bai yarda da haka ba, kuma a 2009 wata kotu a Amurka ta yanke hukunci a kan kamfanin Psystar da ke sayar da irin waɗannan. Tun 2020 Apple ya koma firosesarsa ta dangin ARM, a 2025 kuma ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta tashi a kan Intel. Wanda zai kashe kuɗi yau domin wannan hanya, kasuwar da ke watsewa ya nufa.

Ranar ɗorawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗora manhaja yana share faifai, saboda haka a kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai dabam tun jiya, a kuma buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa. A sauko da manhajar daga shafin masu ita, a filash mai gigabait 8 ko fiye. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, don haka a yi lissafin data. In intanet ya yi ta yankewa, fayil kan sauko da rauni. Masu manhaja suna wallafa wata doguwar lamba mai suna SHA-256 wadda ake gwadawa da ta fayil ɗin da aka sauko, in sun yi daidai to lafiyarsa ƙalau.

A cikin BIOS a fara duba kwanan wata. In kullum yana komawa baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo a kan babban allo, mai lamba CR2032, shi ya mutu. Kuɗinsa kaɗan ne, amma in kwanan wata ya karkace shafukan intanet masu tsaro sukan ƙi buɗewa, mutum ya yi ta zargin kamfanin waya. A sa faifai a kan tsarin AHCI, a zaɓi tashi ta UEFI, a raba faifan da tsarin GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce terabait 2, kuma Windows 11 ba da shi take tafiya ba. In akwai faifai fiye da ɗaya a akwatin, a zare igiyar sauran, a bar wanda za a ɗora wa kaɗai, domin kuskuren zaɓen faifai ya sha cinye aikin shekaru.

Kada a fara sai an tabbatar da wuta ta sa'a biyu, ko ta inbata ko ta janareto mai isasshen mai. In wuta ta ɗauke ana cikin ɗora manhaja, sai dai a sake daga farko. Amma in ta ɗauke ana cikin sabunta BIOS, babban allon yana iya mutuwa ɗungurungum. Don haka ba a sabunta BIOS sai da dalili, kamar in sabuwar firosesa ta ƙi tashi a kan tsohon allo.

Mai son manhaja biyu a na'ura guda ya fara ɗora Windows, sa'an nan Linux, ita za ta shirya jerin zaɓi a lokacin tashi. Zai lura da wani abin mamaki: duk sa'ad da ya fito daga Linux ya shiga Windows, agogo ya koma baya da sa'a guda. Dalili kuwa, Linux tana ajiye agogon allo a kan GMT, Windows kuma tana ɗaukarsa agogon gida ne, agogon Nijeriya da Nijar kuwa yana gaban GMT da sa'a ɗaya. Ana daidaita ɗayansu ta bi tsarin ɗayar, shi ke nan.

Bayan ta tashi

A Windows a fara da direban babban allo, sa'an nan na hoto da na intanet, daga shafin maƙerin sashen. Tarin direbobin da ake sayarwa a filash guda sukan zo da tarkacen da ba a nema ba. A saita intanet a kan cewa mai awo ne, don kada sabuntawa ta cinye datar wata a dare ɗaya, amma a ware rana a bar gyare-gyaren tsaro su sauka. A ƙara allon rubutu na Hausa, wanda ke cikin Windows da Linux duka, domin a sami ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. A makaranta ko shago a buɗe asusu biyu, na mai kula da na masu amfani, kada yara su yi aiki da na mai kula.

Akwai wani tarko sabo. Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft a lokacin shiri, kuma daga fitowar 24H2 takan kulle faifai da kanta a kwamfutoci da yawa, da tsarin BitLocker. Kullewar kariya ce daga ɓarawo. Sai dai mabuɗin yana ɗaure da TPM na wannan babban allo, kwamfutar haɗi kuwa kullum cikin musayar sassa take. Ran da aka sake allo, faifan zai nemi wata lamba mai alƙaluma 48, wadda ke ajiye a asusun da aka yi shirin da shi. In mai gyara ya yi amfani da nasa asusun don sauri, to mabuɗin takardun mai kwamfuta yana hannun wani. Lalle a yi shirin da asusun mai na'urar, a kuma rubuta lambar a takarda a adana.

Abokan gaban nan uku da aka gani a Bayan Loko ba su tafi ko'ina ba. A ɗaga akwati daga ƙasa, a rufe shi da ƙyalle in an kashe, a hure ƙurarsa kafin hunturu da bayansa. Kwamfutar da ke mutuwa da kanta da tsakar rana a watan Maris, zafi ne ya yi wa firosesa yawa, sai a share fankarta a sake mata man sanyaya. Faifan SSD ya fi mai juyawa jure girgiza, kuma yakan farfaɗo da tsohuwar na'ura fiye da kowace sabuwar manhaja. Da damina, a yankin da ke samun ruwa da tsawa kamar Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, in hadari ya taso a zare filogi da igiyar intanet daga bango, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba.

Kafin mai gyara ya karɓi cikon kuɗinsa, ya miƙa wa mai kwamfuta takardar da ke ɗauke da sunayen sassa, da sunan manhajar da lambar fitowarta, da shaidar lasisi in Windows ce, da bayani a rubuce in ta hanyar ratse aka ɗora ta. Ya haɗa masa da filash ɗin da aka yi aikin da shi da direbobin da aka sauko. Kwafi ɗaya na takardar a manna shi a cikin murfin akwati, inda mai gyara na gaba zai gan shi da zarar ya kwance kusoshi.